Yadda na raba faɗan linzami da modem a tsohuwar 486

Kwana uku na yi ina fama da wata tsohuwar kwamfuta 486 mai Windows 3.1 da nake farfaɗo da ita. Da zarar modem, na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin tarho, ya fara kira, sai kibiyar linzami ta tsaya cak a tsakiyar allo. Na zaci linzamin ne ya mutu, na sauya wani, matsala tana nan daram.

Sai da na buɗe MSD, manhajar binciken na'urori ta DOS 6.22, na gano bakin zaren. Linzami yana tashar haɗi ta COM1, adireshi 3F8, modem kuma yana COM3, adireshi 3E8. Adireshinsu daban, amma dukansu IRQ 4 suke amfani da shi, wato layin da na'ura ke taɓa ƙwaƙwalwar kwamfuta da shi don a saurare ta. Katunan ISA kuwa, irin waɗanda ake sakawa a cikin tsoffin kwamfutoci kamar wannan, ba sa iya zama biyu a layi ɗaya a lokaci guda.

Na so in mayar da modem IRQ 5, ashe katin sauti na Sound Blaster 16 ya riga ya kama wurin. Sai na cire wuta, na zaro katin tashoshin COM, na kashe COM2 tunda babu abin da ke jone da shi. A katin modem, abin saitin ƙananan hulunan roba ne baƙaƙe a kan filoli, rubutunsu sai da tocila na karanta. Da hantsaki na matsar da su zuwa COM2, 2F8, IRQ 3.

Na gyara saitin Terminal, manhajar kira ta Windows, zuwa COM2, na buga kira. Modem na kuka, linzami na yawo lafiya lau.