Yadda za ka koya wa ɗalibai jerin tarihin Kano da igiyar shanya

Wata Talata na tambayi 'yan ajina na ƙaramar sakandare wane sarki ne ke kan gadon Kano lokacin da Turawa suka ci garin. Wata yarinya mai ƙoƙari ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, Muhammadu Rumfa." Ban yi mata faɗa ba. Ta san sunan, ta san gidan da ya gina, amma a kanta Rumfa da Turawa da Sardauna duk suna zaune a ɗaki ɗaya mai suna "zamanin da". Rumfa ya rasu a 1499, Turawa sun shigo a 1903, zamanin Sarki Alu. Shekara 404 ke nan yarinyar ta haɗiye ba ta sani ba. Yaranmu ba sunaye suka rasa ba, tazara ce ba sa gani. Ga yadda nake yi yanzu.

Mataki na farko: a fara daga tsakar gida

Kada ka fara da Bagauda. Tura kowane yaro wurin kakarsa ko wani dattijo a layinsu ya tambayi yaushe aka yi aurensu, ko yaushe aka haifi babansa. Da wuya tsohuwa ta ba shi lamba. Cewa za ta yi, "Ai shekarar canjin kuɗi aka kai ni ɗaki," ko "Ubanka yana goye aka kashe Murtala." To, wannan amsar muke so. A aji sai ku sa wa kowace magana shekararta: canjin hannun mota 1972, zuwan naira da kwabo a madadin fam da sule 1973, kisan Janar Murtala 1976, rikicin Maitatsine 1980. Yaro zai gane cewa kakarsa ma lissafin tarihi take yi, da abin da ya faru take auna lokaci.

Mataki na biyu: igiyar

Nemi igiyar shanya mai tsawon mita 11, da tef ɗin tela, da guntayen kwali, da abin maƙale wanki. Ƙa'idar ɗaya ce: kowace santimita shekara guda. Ka ɗaure igiyar daga tagar baya zuwa ta gaba, in ajin ya yi kaɗan ku fita baranda. Bakin dama shi ne bana, bakin hagu 999, shekarar da ake cewa Bagauda ya fara sarauta. Mita 10 ne da ɗan ɗoriya.

Yaran ne za su auna, su maƙala kwalayen da hannunsu, kai dai ka tsaya gefe. Gijimasu, wanda ya fara ganuwa, 1095. Yaji, 1349, wanda a zamaninsa Wangarawa suka zo daga Mali. Rumfa, 1463, mai gidan sarki da Kasuwar Kurmi, wanda Shehu Maghili ya sauka wurinsa. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, 1804. Ibrahim Dabo, 1819. Basasa, 1893. Daga nan sai kwalaye su fara cunkushewa kamar Kantin Kwari ana gobe Sallah: Turawa 1903, isowar jirgin ƙasa 1911, haɗe kudu da arewa 1914, saukar jirgin sama na farko 1925, 'yancin kai 1960, ƙirƙiro Jihar Kano 1967.

Nan ne darasin yake, don haka kada ka yi sauri. Sa yaro ya tsaya wurin Rumfa, wani wurin Turawa, na uku ya yi tafiya tsakaninsu yana ƙirga taku. Mita huɗu ne da santimita 40. Sannan su auna Nijeriya tun daga 1914: mita ɗaya ce da 'yan kai. Sai kowa ya auna nasa ran. Wani yaro ɗan shekara 12 ya ɗora hannu a ƙarshen igiyar, ya ga rayuwarsa duka ba ta cika taƙi ɗaya ba, ya yi shiru, can ya ce, "Malam, ashe jiya-jiya aka haife ni."

Ka kuma tambaye su me ya sa hagun igiyar yake fayau, damanta a cike. Wasu za su ce da ba a yin komai. A'a, an yi, rubutun da ya iso mu ne kaɗan.

Mataki na uku: ƙarni da Hijira

Ƙarni ba ya cin lokaci. Ɗaura tsumma ja a kan kowace shekara ɗari: 1000, 1100, har 2000. Su ƙirga da kansu su ga me ya sa 1463 take cikin ƙarni na 15, ba na 14 ba.

Hijira kuwa yaranmu na Islamiyya sun saba da ita, su ne ma za su taimake ka. Ta fara a 622 Miladiyya, kuma shekarar wata ta gaza ta rana da kamar kwana 11. Dabarar ita ce a cire 3 daga kowace 100 ta shekarar Hijira, a ƙara 622. Gwada da 1380: cire 41, saura 1339, ƙara 622, ka samu 1961. An samu 'yanci a Oktoban 1960, cikin 1380 ɗin, wadda ta ƙare a tsakiyar 1961. Lissafin na kusa ne, ka gaya musu haka.

Mataki na huɗu: daga ina lambobin suka fito?

Wannan na fi so, kuma shi malamai suka fi tsallakewa. Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano, wanda aka rubuta da Larabci, yawan shekarun da kowane sarki ya yi yake faɗa. Da wani Bature mai suna Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, ta hanyar ƙirga waɗannan shekaru da baya-baya aka kai ga 999. Saboda haka kiyasi ne, a koya wa yara cewa "wajen".

Sa su gwada wannan ƙirgen. Rubuta a allo: Ado Bayero ya rasu a 2014 bayan shekara 51. Kafin shi Muhammadu Inuwa, 'yan watanni. Sanusi na ɗaya 10, Abdullahi Bayero 27, Usman 7, Abbas 16. Su yi ta debewa: 1963, 1953, 1926, 1919, sai ga su a 1903 ba wanda ya gaya musu. Sannan ka tambaye su: in mai ba da labari ya manta da sarki ɗaya, ko ya ƙara wa wani shekara biyar, me zai sami duk lambobin da ke bayansa?

Mataki na biyar: a fita

Sai bayan duk wannan za ka kai su Gidan Makama, ko marinar Ƙofar Mata, ko Gidan Ɗan Hausa. In ka fara da yawon, hoto kawai za su ɗauka su sha fiya wata su dawo. Kowa ya tafi da kwali biyu babu rubutu, ya dawo da abin da zai maƙala, kuma ya faɗi inda ya samo shekarar.

Mu Dala muka hau. Da muka dawo, yarinyar nan mai Rumfa ta rubuta Barbushe a kwalinta, ta bi igiyar har bakin hagu, ta tsaya tana dube-dube. Ta ce, "Malam, ai ya riga Bagauda, kuma igiyar ta ƙare." Sai da muka aika wurin Baba maigadi ya ara mana wata muka ƙulla.