Kafin ka amince da gyaran da ke datse rubutu

Assalamu alaikum 'yan uwa masu rubuta manhaja. Jiya a ofishinmu da ke Yaba aka turo min gyara in duba: idan suna ya yi tsawo a datse shi a 20, a liƙa ɗigo uku. Da sunayen Turanci lafiya lau. Da na saka kalma mai ƙ a daidai wurin yankan, sai wata baƙar alama mai ayar tambaya ta fito.

Abin da za ka fara tambaya shi ne, 20 ɗin na mene ne? Baiti (ma'aunin wurin ajiya a kwamfuta), harafi, ko gurbin da harafi ke ci a allo? A UTF-8, tsarin ajiye haruffa a kwamfuta, ƙ da ɗ da ɓ kowanne baiti 2 ne, alamar ₦ baiti 3, amma duk gurbi ɗaya suke ci. Ka yanka ƙ a tsakanin baitinta biyu, sai baƙar alamar nan ta fito. Harafin Sinanci gurbi 2 yake cinyewa, haka yawancin emoji, shi ya sa layukan jadawali ke karkacewa.

Wanda ya fi damuna a nan Legas shi ne sunayen Yarbawa. A ẹ́, alamar sama daban ake ajiye ta kuma ba ta cin gurbi. Ka yanka a tsakani, ka canza wa mutum suna. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A harshen manhaja na Python ku auna faɗi, wato yawan gurbi, da kayan aikin wcwidth, a na JavaScript ku raba haruffa da kayan aikin Intl.Segmenter. Ɗigo ukun nan ma a lissafa su cikin 20 ɗin. Ni dai ba na amincewa da gyaran sai na ga gwaji da ƙ, ẹ́, harafin Sinanci da emoji a daidai bakin yankan.