Yadda ake saƙa zaren polima mai azurfa don gyaran naman jiki

Duk wanda ya tashi a Kakuri, Kaduna, zamanin da masaƙu ke aiki ya san ƙarar injin masaƙa. Wannan saƙar kuwa, da ake yi da wutar lantarki, ba ta da ƙara, zarenta ma ido ba ya ganinsa ɗaya-ɗaya, don kaurinsa yakan gaza kashi ɗaya cikin 100 na silin gashi. Abin da ake nema shi ne wata siririyar raga da ƙwayoyin fata ko na ƙashi za su hau su yaɗu, azurfar cikinta kuma ta kashe bakteriya.

Da farko ka narkar da polimar PCL (wani nau'in roba da ke narkewa a jiki a hankali), kamar giram 12 a mililita 100 na haɗin kulorofom da DMF (sinadaran ruwa masu narkar da ita), a cikin akwatin zuƙe tururi, ka bari ta kwana tana juyawa. Sai ka zuba gishirin azurfa, AgNO3, cikin ruwan, a kwalba mai duhu, domin haske na baƙanta shi. Sa safar hannu, in ba haka ba tabonsa zai yi kwanaki a yatsunka.

Ɗura ruwan a sirinji, ka sa famfo ya riƙa turo wajen mililita 1 a awa. Haɗa allurar da wuta mai kilobolt 15 zuwa 20, ka kafa faifan alminiyam santimita 15 a gabanta. Ɗigon bakin allurar zai yi tsini, zare ya tsinko ya bushe a iska kafin ya sauka. Kada ka kusanci allurar sai ka kashe wuta. Ka kuma lura da yanayi: zaren hunturu daban, na watan Agusta daban, saboda laima na ɓata shi. In ka ga ƙulli-ƙulli kamar carbi, ruwan ya yi tsalalo, ƙara polima.

Gwajin azurfar shi ne inda ake raba gardama. In ta yi kaɗan, bakteriya su sha. In ta yi yawa, ta haɗa da ƙwayoyin jikin da kake son rainawa ta hallaka. Don haka yi samfuri uku ko huɗu masu azurfa daban-daban, da ɗaya marar azurfa. Ɗora su a faranti mai bakteriyar E. coli da S. aureus, awa 24 a zafin digiri 37, ka auna filin da ya washe, inda bakteriya ba su tsiro ba, kewaye da kowanne. Sannan ka shuka ƙwayoyin fata a kansu, ka zaɓi mafi ƙarancin azurfar da ta yi aiki.

Wajen tsabtacewa kada ka dosa tukunyar tururi, PCL na narkewa a wajen digiri 60. Yi amfani da hasken UV ko itanol mai kashi 70.