Yadda Ake Shawo Kan Faɗan Karnukan Gida Ɗaya a Kan Abinci da Wurin Kwanciya

A unguwannin Jos irin su Rayfield da Bukuru, gidaje da yawa suna ajiye karnukan gadi biyu ko uku, kuma sanyin garin ya sa manyan karnuka masu gashi kamar Caucasian da German Shepherd suke jin daɗin zama a nan. Akan samu karnuka su daɗe suna ci a kwano ɗaya lami lafiya, sai rana guda ɗaya ya far wa ɗan'uwansa saboda ƙashi, ko buhun da suke kwanciya a kai, ko ma saboda maigida ya shafa kan ɗayan. Irin wannan sauyin na farat ɗaya yana da dalili, kuma aikin mai kare shi ne ya hana faɗan maimaituwa yayin da yake neman dalilin.

Mataki na farko shi ne a raba su a ranar. Shawarar da aka saba ji, cewa a bar su su gwabza har su san babba a tsakaninsu, tana da haɗari ƙwarai, domin kowane faɗa yana ƙara wa na gaba zafi, musamman idan duka biyun mata ne. Kowanne ya samu kejinsa ko ɗakinsa mai ƙofa, a riƙa sakinsu gadi bi da bi. Ɗaure su da sarƙa kusa da juna ba rabuwa ba ce, tunda suna kallon juna kuma babu mai iya kaucewa.

Bayan haka sai likitan dabbobi, kuma a ganina nan ne mutane suka fi yin sakaci. Karen da ya sauya hali cikin mako guda sau da yawa ciwo yake ji. Ruɓaɓɓen haƙori, ko kumburin kunne, ko ciwon ƙugu da ke damun manyan karnuka idan sun fara tsufa, duk suna sa kare ya ƙi a matso kusa da shi. Tsutsar ciki tana sa yunwa, haka ma maganin kumburi da ake kira prednisolone idan ana ba shi. A dubi shekaru kuma: kare yakan kammala girman hali ne tsakanin shekara 1 zuwa 3, saboda haka ɗan kwikwiyon da ke ba babba hanya bara, bana yana iya ƙi. Karya tana shiga lokacin barbara kusan sau 2 a shekara, na tsawon mako 2 zuwa 3, kuma bayansa wasu kan yi cikin ƙarya, har su tattara tsumma ko takalmi su tsare kamar 'ya'yansu. A kai karnukan duka biyu, ba wanda ya yi cizon kaɗai ba, domin wani lokaci wanda aka ciza ne marar lafiyar. A tafi da katin rigakafinsu. Allurar ciwon haukan kare ana fara ta ne daga wata 3 a riƙa sabuntawa duk shekara, kuma mazauna Jos suna da sauƙi, tunda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa a 1924, tana kusa da su. Idan karen ba shi da rigakafi, yana dalalar da miyau, yana cizon duk abin da ya gani, to a kulle shi kada kowa ya taɓa shi, a kira likita nan take.

Daga nan a gano ainihin abin da ake faɗan a kansa. Wanda yake ba su abinci, maigadi ne ko yaron gida, ya fi kowa sani, sai a zaunar da shi a tambaye shi dalla-dalla: a ina aka yi, da wane lokaci, me ke ƙasa, wa ke tsaye a wurin. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lungun da iska ba ta bugawa yana iya zama abin rigima fiye da abinci. Kafin cizo akwai alamu: kare yakan daina tauna ya sandare, ya sunkuyar da kai a kan kwano, ya kalli ɗan'uwansa ta gefen ido har farin idon ya bayyana, sannan ya ɗaga leɓe ya yi gurnani.

Kada a doki kare saboda gurnani. Gurnani gargaɗi ne, kuma karen da aka hana shi da bulala yakan koma cizo ba tare da gargaɗi ba. Haka nan ƙwace masa kwano don a nuna masa iko yana tabbatar masa ne cewa abin da yake tsoro gaskiya ne.

Gyaran gidan ba shi da wuya. Kowanne ya ci a bayan rufaffiyar ƙofa, a ɗauke kwanukan bayan minti 15, a share ɓurɓushi kafin a sake su. Ƙashin mahauta a daina jefa shi tsakar gida, sai dai a keji. Ruwan sha da shimfiɗa su fi yawan karnukan, a nesa da juna.

Sai raunuka sun warke kuma likita ya gama nasa za a fara sake haɗa su, da mutum biyu, kowa riƙe da igiyar kare ɗaya. A fara da tattaki a waje da gida, suna tafiya gefe da gefe da tazarar da babu mai sandarewa. Idan an yi kwanaki babu tashin hankali, sai a zo kan abincin: a ajiye wa karen da ke rowar abincin wani kwano wanda babu komai a ciki, a fito da ɗayan daga nesa, da zarar mai rowar ya hango shi a jefa wa mai rowar ɗan yankin hanta ko kaza, idan aka janye ɗayan sai a daina bayarwa. A hankali zai fahimci cewa bayyanar ɗan'uwansa ƙarin nama take kawowa. Minti 5 sun isa a kowane zama, ana rage tazarar kaɗan-kaɗan, kuma duk ranar da aka ga jikinsa ya sandare sai a koma tazarar jiya. Takunkumi mai raga, wanda kare zai iya haki da shan ruwa a cikinsa, yana da amfani a wannan matakin, amma a saba masa da shi tukuna.

Idan faɗa ya ɓarke duk da haka, kada a kai hannu wuyansu, nan ne masu karnuka suke samun cizo. A watsa musu bokitin ruwa, ko a cusa faifan katako a tsakaninsu, ko mutum biyu kowa ya kama ƙafafun bayan kare ɗaya ya ɗaga ya ja da baya. Yara kuwa a shigar da su ɗaki. Mutumin da aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 sannan ya tafi asibiti, karnukan ma a duba su, saboda ramin haƙori ƙarami ne a fata amma yakan yi zurfi ya tara mugunya.

Akwai karnukan da ba sa komawa daidai. Idan an yi watanni ana ƙoƙari amma sun sake yin faɗan da ya kai ga ɗinki, ko kuma akwai ƙananan yara a gidan, to a raba musu farfajiya da shinge na dindindin, ko a nema wa ɗayan wani gida inda zai zauna shi kaɗai, a kuma gaya wa mai karɓarsa halinsa tun kafin ya ɗauka.