Yadda za ka tsare jinin zomon Chinchilla kada ya gauraye

Shekara uku da suka wuce wata Hajiya ta kira ni daga Barnawa da sassafe. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta ce, "Malam, 'ya'yan zomanyar nan sun buɗe ido jiya. Su bakwai ne, biyu farare fat, idanunsu jajaye. Ba Chinchilla zalla ka ce ka sayar mini ba?" Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ina nan tafe." Na je na gani da idona, gaskiyarta ce. Na mayar mata da kuɗinta, na dawo Rigasa na shiga bin asalin zomayena ɗaya bayan ɗaya, har na gano ta inda ɓarnar ta shigo. Wani namiji ne da na saya ban tambayi iyayensa ba. Launinsa daidai, girmansa daidai, ashe uwarsa farar zomanya ce, irin da ake kira New Zealand. Kuskurena na biyu, namiji da macen da na ba Hajiya duk 'ya'yansa ne.

Abin ya dame ni ƙwarai, domin irin nan ba shi da yawa. A Faransa aka fara fito da shi, aka baje shi a birnin Paris a 1913, ya isa Amurka a 1919, can aka zaɓi manya-manyansa aka samar da babban irin da ke kai kilo 4 zuwa 5 da rabi. Da kasuwar fatar zomo ta faɗi, masu kiwonsa suka ragu, har a Amurkar ma yana cikin ire-iren da ake fafutukar kada su ɓace. Mu kuwa a Kaduna duk zomon da ya fito toka-toka sai a ce Chinchilla ne. Mutum ya sayi barbarar yanyawa da kuɗin zalla, ya ciyar da shi wata shida ya ga ya tsaya a kilo biyu, ya tafi yana faɗa wa jama'a wai Chinchilla ba ya girma. Wake ɗaya ke ɓata gari, masu na ainihin su ke kwana ciki.

Ka fara da koyon duba gashi. Wani dattijo da ya daɗe yana kiwo a Zariya ne ya nuna mini. Ya ɗora zomon a cinyarsa ya ce, "Yaro, hura nan." Idan ka hura iska a gadon bayan Chinchilla, gashin zai buɗe kamar fure, ka ga zobe-zobe: gindin gashin toka mai duhu da ta ɗan yi shuɗi, tsakiya fari-fari, sannan baƙi wajen sama. Cikinsa fari ne, ƙarƙashin wutsiya fari, akwai haske kewaye da ido, gefen kunne kuma da baƙin layi. In ka ga ja-ja ko ruwan ƙasa a wuya ko a gefen ciki, ko farin tabo a hanci ko a ƙafa, to ka yi hattara. Farin tabon nan sau da yawa daga jinin wani irin zomo da ake kira Dutch yake fitowa.

Amma gashi kaɗai ba ya isa shaida, nan ne ni na faɗa rami. Launin Chinchilla yana danne farin New Zealand. In ka haɗa su, 'ya'yan farko kan fito toka-toka kamar zalla, farin yana ɓoye a jininsu. Sai ranar da biyu masu ɗauke da shi suka haɗu, kusan ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan ya fito fari mai jan ido. Shi ya sa mai sayarwa zai iya rantse maka alhali shi ma bai sani ba.

Akwai gwaji mai sauƙi, haƙuri kawai yake so. Duk sabon namijin da ya shigo gidana, kafin ya kusanci zomanyata ta zalla, sai na fara haɗa shi da farar New Zealand. In yana ɗauke da farin, kusan rabin 'ya'yan za su fito farare, tun ranar haihuwa ma za ka gane su, fatarsu jajur take, ta sauran kuwa da duhu. In aka haifi bakwai ko takwas babu fari ko ɗaya, hankali ya fara kwanciya, ni dai nakan maimaita sau biyu. 'Ya'yan gwajin nan duk na yanka ne, kada ɗaya ya tsira da sunan iri. Ka kuma sani cewa gwajin launi kawai yake tonawa. Girma da faɗin ƙugu da yawan nono sai sikeli da littafi su gaya maka.

Littafin nan shi ne rabin aikin. Kowane keji nawa yana da kati a jikinsa, na kuma kwafe komai a littafin makaranta mai ƙwarin bango: lambar zomo, ranar da aka haife shi, lambar uwa, lambar uba, ranar barbara, ranar haihuwa, 'ya'ya nawa aka haifa, nawa suka kai yaye, da nauyinsu a sati takwas. Masu kiwo a Amurka ba sa kiran zomo mai asali sai an rubuta iyaye da kakanni da iyayen kakanni, hawa uku, kuma sukan yi masa jarfar lamba a kunnen hagu. Abin jarfar kamar filaya yake mai ƙananan allurai, ana shafa tawada bayan an matsa. In ba ka samu ba, ka rubuta lambar a cikin kunne da alƙalamin maka mai ƙin gogewa, ka riƙa sabuntawa duk sati. Kada ka ce ai ka san zomayenka da ido. Ni ma haka na ce, har ranar da 'ya'ya goma sha huɗu masu kama ɗaya suka cakuɗe mini a keji guda.

Wajen barbara, macen ake kai wa namiji. In ka kawo shi ɗakinta faɗa za ta yi da shi, har ta ji masa rauni. Ka tsaya a wurin kana kallo. In ya hau ya faɗi ta gefe, an gama, ka bar shi ya maimaita sau ɗaya ko biyu, ka ɗauke ta, ka rubuta nan take. Kada ka sake kai ta wurin wani namijin wai don a tabbatar, domin ciki ɗaya na iya ɗaukar 'ya'yan uba biyu, daga nan littafinka ya zama ƙarya. Kwana 12 zuwa 14 ka lalluba cikinta a hankali, kwana 28 ka sa mata akwatin haihuwa da busasshiyar ciyawa, wajen kwana 31 sai haihuwa.

A garin nan na lura ta ƙofa biyu gauraye ya fi shigowa. Ta farko zafin Maris da Afrilu. Idan zafi ya haura digiri 30 ya daɗe, maniyyin namiji yakan yi rauni, sai ka haɗa sau biyu ba ciki. Nan ne mutum yake ƙosawa ya je ya aro namijin maƙwabci, wanda ba wanda ya san ubansa. Kada ka yi. Ka sa kejin namijinka a inuwa, ka shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu a rufin, ruwa kada ya yanke, ka riƙa haɗawa bayan asuba ko bayan magariba, in bai yiwu ba ka jira damina ta sauka. Namijin bai lalace ba, zai dawo daidai. Ƙofa ta biyu yara ne. Suna son su saki zomaye a tsakar gida su ga suna tsalle, barbarar zomo kuwa ba ta cika minti ɗaya. Na sa kwaɗo a kejin masu asali, na ware wa yarana nasu guda biyu, duk mata. Haka nan 'ya'yan da aka yaye, kafin su cika wata uku ka raba maza da mata.

In tsautsayi ya faɗa, wani namijin ya hau zomanyarka ta zalla, kada ka yanka ta. Wasu na cewa jininta ya ɓaci har abada, wannan ba haka ba ne. Cikin nan kaɗai ne gauraye, na gaba in ka kai ta wurin namijin zalla, zalla za ta haifa.

Ni ba na ƙin gauraye. Haɗin farko tsakanin iri biyu yakan yi saurin girma, ya fi jure wahala, masu kiwon nama a ko'ina suna yin sa da gangan, musamman New Zealand da California. Ina da keji huɗu na irin wannan, su nake kai wa masu gasa nama da masu son farfesu. Abin da nake ƙi shi ne a laƙaba masa sunan da ba nasa ba. Duk wanda ya zo saye nakan ce masa, "Alhaji, wannan gauraye ne, in nama kake so ga shi da sauƙin kuɗi, in iri kake so ka biyo ni nan baya." Wanda ya sayi na iri kuma ina ba shi kwafin katin, in kuma tabbatar namiji da macen ba uba ɗaya ba, ba uwa ɗaya ba.

Wannan na ƙarshen shi ne mai wuya ga irin da ba shi da yawa. In ka rufe ƙofa gaba ɗaya kana ta haɗa wa da ƙanwa, a hankali 'ya'ya za su ragu, su ƙanƙance, a fara samun masu haƙoran da ba sa haɗuwa, suna ta tsawo har cin abinci ya gagara. Mai irin haƙoran nan kada ya yi barbara ko da gashinsa ya fi na kowa kyau, domin ana gado. Ka riƙe maza biyu da ba su da dangantaka, ka nemi mai kiwo ɗaya ko biyu da ka ga littafinsu da idonka, ku riƙa musayar namiji. In kana neman wanda zai duba maka, cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya tana da sashen da ke aiki a kan zomaye, ga kuma kwalejin noma da kiwon dabbobi a hanyar Mando.

Namijin da na karɓo musaya daga Zariya watan jiya yana bayan ɗakin girki shi kaɗai, da kwanonsa daban, yana cin harawar gyada da ɗan zogale. Sai ya cika kwana 30 ban ga mura ko ƙazuwar kunne ba, sannan zan kai masa farar zomanyar gwaji.