Yadda ake zaɓen launin baya idan za a ɗauki hoton fure a kusa

Kusan duk sabon shiga da na gani yana ɗaukar hoton furanni, kuskure ɗaya yake fara yi: idonsa na kan furen, bai ko kula da abin da ke bayansa ba. Ya durƙusa, ya saita, ya danna. Sai ya buɗe hoton a kwamfuta ya tarar da busasshen reshe ya ɓullo ta kan furen kamar ƙaho, ko wani farin abu yana ƙyalli a gefe. A yawancin irin waɗannan hotuna furen bai cika rabin filin ba, saura duk baya ne, don haka shi za ka fara zaɓa kafin furen kansa.

Ba zan tsaya kan riƙon kyamara ko saita ta ba, na ɗauka ka iya wannan.

Da farko, kafin ka ɗaga kyamara, zagaya furen. Sauko daidai tsayinsa, ka rufe ido ɗaya, ka dubi abin da ke bayansa daga kowace kusurwa. A hoton kusa, matsawar taƙi ɗaya tak zuwa dama ko hagu na iya sauya bayan daga kore zuwa baƙi. Masu ɗauka a tsaye daga sama kullum ƙasa da busassun ganye suke samu a baya. Idan kana da lens, wato gilashin gaban kyamara, na kusa mai milimita 90 ko 100 ko 105, yanki kaɗan yake ɗebowa daga baya, zaɓi ya yi maka sauƙi. Babbar kyamarar waya kuwa mai faɗin gani ce, tana kwaso komai. Ba sai ka kashe kuɗi ba: danna 2x ko 3x, ka ja baya kaɗan.

Na biyu, nemi furen da ya tsaya shi kaɗai, wanda abin da ke bayansa ya yi nisan mita ɗaya ko biyu. Tazarar nan ita ke sa bayan ya narke ya yi dishi-dishi. Furen da ke manne da ganye, ko ka buɗe ƙofar haske zuwa f/2.8 (ƙaramar lamba babbar ƙofa ce, ita ke sa baya ya narke), ganyen za su fito. Ni f/5.6 nake farawa da shi, in na ga gefen furen ya dushe da yawa sai in koma f/8. Ka sani, idan ka matsa har siffar abu ta faɗa kan na'urar ɗaukar haske daidai girmansa na zahiri, wurin da zai fito tas a f/8 bai wuce kimanin milimita ɗaya ba. Masu tsoron wannan sai su rufe zuwa f/16 ko f/22, kowane kara da ke baya ya dawo ya cika hoton.

Yanzu ga launi, inda ni ma na daɗe ina faɗuwa. Abin da ake koya wa kowa shi ne launuka masu kishiyantar juna: ja da kore, rawaya da shunayya, ruwan lemo da shuɗi. Gaskiya ne, kowane ɗaya yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Tun a 1839 wani masanin sinadarai ɗan Faransa, Chevreul, wanda ke kula da rini a masaƙar Gobelins ta birnin Paris, ya bayyana cewa launi yana sauya kama a ido gwargwadon launin da ke kusa da shi. To, ni sai na riƙe wannan kaɗai. Na yi ta ɗaukar jajayen furanni a gaban koriyar ciyawa da rana ke duka, ina mamakin me ya sa hotunan ke gajiyar da ido. Ashe ja da kore ɗin hasken su ɗaya, ƙarfinsu ɗaya, kowanne yana jan ido zuwa wajensa, furen bai samu ya fita ba.

Abin da ya gyara min shi ne gane cewa bambancin haske ya fi bambancin launi muhimmanci. Ya kamata abin da ke baya ya fi furen duhu, ko ya fi shi laushin launi. Ga gwajin da nake yi: mayar da allon kyamara zuwa baƙi da fari na ɗan lokaci. Idan furen ya saje da bayansa a haka, sauya wuri, komai kyawun launukan. Hanya mafi sauƙi ita ce ka sami furen da haske ke kansa alhali bayansa na cikin inuwa. In babu, ka sa wani ya tsaya ya yi wa ciyawar bayan inuwa, furen ya ci gaba da shan haske. Koren da ke cikin inuwa ya fi kowane baya dacewa da jan fure.

Sai ka kula da ɗigo-ɗigon haske, irin ɓarakar da sararin sama ke leƙowa ta tsakanin ganye. Ido kullum wurin da ya fi haske yake fara zuwa. Ɗigo ɗaya fari a kusurwa ya isa ya janye hankalin mai kallo daga furen.

Farin fure duhu yake so a bayansa, amma a nan kyamara tana ruɗuwa. Ma'aunin haskenta yana ƙoƙarin mayar da komai tsaka-tsaki, idan ya ga duhu ya yi yawa sai ya ƙara haske, farin ya ƙone, layukan jikinsa su ɓace. Rage hasken, ka saukar da maɓallin +/- na kyamara zuwa -2/3 ko -1. Jan fure ma haka yake saurin ƙonewa, ya zama kamar an shafa fenti. Fure mai rawaya ya fi kyau a gaban shuɗi ko shunayya mai duhu, ruwan hoda kuma a gaban toka-toka ko kore mai laushi.

Idan wurin ya ƙi, ɗauko kwali mai launi mara ƙyalli, ka riƙe shi aƙalla rabin mita a bayan furen don kada inuwa ta faɗa kansa. Baƙin kwali yakan fito toka-toka, baƙin ƙyallen karammiski ya fi shanye haske. Filasha ma tana ba da baƙin baya, domin idan nisa ya ninka biyu hasken da ke isa wurin kashi ɗaya cikin huɗu ne. Sai dai kada ka mayar da kowane hoto baƙin baya, furen yakan zama kamar an yanko shi an liƙa.

Wajen tsara filin, kada ka ajiye furen a tsakiya sai idan zagayayye ne yana kallonka kai tsaye. Raba filin gida uku a tsaye, uku a kwance, ka ɗora tsakiyar furen inda layukan suka haɗu, ka bar fili ta ɓangaren da ya fuskanta. Karkata kyamara kaɗan karan ya shigo daga kusurwa. Gefen fure kuwa, ko ka bar shi cikakke ko ka yanke shi sosai. Ɗan gutsure bakinsa kuskure yake nunawa. Furanni uku sun fi biyu zama a ido. Kafin ka danna, bi kusurwoyi huɗu da ido ɗaya bayan ɗaya.

Saita kyamara ta fito da zaren tsakiyar furen tas. In da iska, kada saurin ɗauka ya gaza 1/250 na daƙiƙa. Ranar da gajimare ya rufe rana ta fi ba da launi na gaskiya. Wajen gyara a kwamfuta, rage ƙarfin koren baya kaɗan, ka bar launin furen yadda yake.