Gaban mota yana zaunawa in an ɗaga garmar dusar ƙanƙara: kurakuran da na gaji da gani

Duk shekara da Nuwamba ya shigo a nan jihar Minisota ta Amurka labarin ɗaya ne. Ɗan uwa zai sayi a-kori-kura, ya samu garmar ture dusar ƙanƙara ta hannu da araha, ya ɗaura ta a gaba, yana ɗaga ta sai hancin mota ya yi ƙasa kamar raƙumi zai durƙusa, sai ka ji waya, "Yaya, gaban motar nan ya zauna fa, ya zan yi?" Na amsa har bakina ya gaji, shi ya sa na ce bari in rubuta gaba ɗaya.

Da farko ka san abin da ka rataya wa motar. Garmar ƙarfe irin ta kamfanin Western ko Boss ko Fisher, da kayan ɗaurinta, tana kai kilo 300 zuwa 450, ya danganta da faɗinta da kuma ko miƙaƙƙiya ce ko mai naɗewa kamar V. Kuma ba a kan tayoyin take zaune ba, can gaban bamba take lilo. Ka ɗauka garma kilo 400 ce, tana gaban tayar gaba da mita 1.3, tsakanin tayar gaba da ta baya kuma mita 4, to abin da zai hau kan tayoyin gaba ya kai wajen kilo 530, wancan ƙarin kilo 130 daga baya aka zare shi. Gaba ya yi nauyi, baya ya zama shafal. In ka riƙe wannan lissafin sauran maganar duk za ta zo maka da sauƙi.

Kuskuren da ya fi ci min rai shi ne ɗaure notin sandar toshin har ƙarshe. Masu Silverado ko Sierra 2500HD sun san abin da nake nufi, gabansu ba naɗaɗɗen sifirin gare shi ba, dogayen sanduna biyu ne masu murɗawa, kowace da notinta a ƙarƙashin mota wajen saitin kujera. Shekarata ta farko wani ya ce min ai abu ne mai sauƙi, ka ɗaure notin nan kawai gaba zai tashi. Na kwanta ƙasa da sifana na dinga juyawa har ya ƙi gaba. Kuma wallahi ya tashi, mota ta miƙe gwanin sha'awa. Abin da ba a faɗa min ba shi ne notin nan ba ya ƙara wa sanda ƙarfi ko kaɗan, wurin da mota ke tsayawa kawai yake sauyawa, in ka ɗaga garma kusan incin da ta saba sauka shi za ta sauka, daga sama kawai ta fara. A gefe guda kuma ka cinye sararin da taya ke da shi na saukowa ƙasa, duk ramin da ka faɗa sai ka ji ƙarfe ya bugi ƙarfe, shaf ɗin gaba ya karkace fiye da yadda aka yi shi, boljoyin (gaɓar da ke riƙe taya) da tayarod (sandar da ke haɗa sitiyari da taya) suna aiki a takure, ga nauyin garma a kansu dare da rana.

Kafin Fabrairu ya ƙare gefen tayoyina na gaba ya suɗe, sitiyari yana rawa, ni kuma ina cewa bari a gama wannan satin tukuna. Ƙarfe uku na dare a filin ajiye motoci na wani shago, sanyi ya wuce digiri 20 ƙasa da sifili, na juya sitiyari zan koma da baya sai na ji ƙas, tayar hagu ta kwanta ciki. Boljoyin ya fita. Na zauna ina jiran mai janwe hannuna ba ya ko lanƙwasuwa, gidaje shida suna jira in buɗe musu hanya kafin su fita aiki, biyu daga ciki ba su ƙara kirana ba. Da a kan babban titi abin nan ya faru ina gudu, da wani zance ake ba wannan ba. Shi ya sa in na ga yaro ya ɗaure noti har ƙarshe yana murna raina ke ɓaci, ba ka gyara komai ba, ranar lalacewa kawai ka matso da ita kusa.

Ni yanzu yadda nake yi, kwana ɗaya kafin aiki sai in fesa wa notin man sassauta tsatsa, don gishirin da ake watsa wa titin nan ya narkar da ƙanƙara yana cin ƙarfe ba kaɗan ba. In ɗaga gaban mota da jak har tayoyi su bar ƙasa, in sa wa kan notin alamar fenti, in juya sau uku, in ta matsa huɗu, kowane gefe daidai da ɗan uwansa, in rubuta adadin a takarda. Daga nan kai tsaye wajen alaimen, wato saita tsayuwar tayoyi, babu tsallake wannan. Wasu suna wuce huɗu suna cewa lafiya lau, su suka sani, ni dai na tsaya nan. Abin da ya rage na zaman gaba roba ce ke ɗauke min shi, irin ta Timbren, kamfanin Kanada, ana cire ƙaramar robar da mota ta zo da ita mai tare ƙarfe a sa wannan babbar a wurinta, in ba kaya kusan ba ka jin ta, garma na tashi sai ta karɓi nauyi.

Masu Ram 2500 da Ford Super Duty mai jan ƙafa huɗu daga 2005 zuwa sama, ku naɗaɗɗen sifirin gare ku, babu notin ɗaurewa, amma kuna yin kuskuren ta wata ƙofa, wato sa zoben ƙarin tsawo a kan sifirin. Tsawo ya ƙaru, ƙarfi yana nan yadda yake. Sifirin mai ƙarfi irin na motocin da aka shirya wa garma tun daga kamfani shi za ka nema. A tsofaffin motocin GM, wato su Silverado da Sierra, ka buɗe akwatin gaban fasinja ka duba takardar lambobi, in ka ga VYU to an shirya ta.

Sai maganar nauyin baya, wanda shi ya kamata ma a fara da shi kafin a taɓa noti. Rabin mutane ba sa sawa sam, rabin masu sawa kuma a jikin kan mota suke jibgewa, bayan gilashi. Haba ɗan uwa! Duk abin da ka aje gaban tayar baya wani kasonsa gaba yake tafiya, ka ƙara wa mai ciwo kaya kenan. Bayan tayoyin baya ake sawa, a jikin murfin bodi, a nan ne yake danna baya ya ɗan ɗago gaba, ya kuma dawo wa tayoyin baya da riƙon da garma ta ƙwace. Littafin garmarka ya faɗi adadin da ya dace da motarka, ka karanta shi. Ni buhunan yashi masu fam 60 nake sa guda goma, wajen kilo 270.

Kuma ka ɗaure su, don Allah ka ɗaure su. Buhun yashi in ya jiƙe ya daskare dutse ne. Na taɓa barin nawa haka nan ba ɗauri, ina ture dusa na daki dakalin siminti da ya ɓuya a ƙasa, mota ta tsaya cak, buhuna ba su tsaya ba, suka taho gaba ɗaya suka lotsa bangon bodi, ɗaya ya hau ya tsaga gilashin baya daidai ƙeyata. Tun ranar katako biyu masu kauri nake gittawa bayan tudun tayoyi, in bi da igiyar ɗaure kaya mai ƙugiya. In gishirin da kake watsawa ne nauyinka, ka tuna yana ƙarewa, zuwa asuba bayanka ba komai.

Sauran ƙanana ne. Sabon shokabzoba ba ya ɗaukar nauyi, girgiza yake kashewa, kar ka kashe kuɗi kana jiran gaba ya tashi. Iskar taya tana sauka da sanyi, ka auna da safe kafin ka motsa, kuma tayar ta zama mai ajin E, wato mai ɗaukar kaya masu nauyi. In ba dusa ka sauke garma a gida, yawo da ita cikin gari yana gajiyar da sifirin yana kuma tare wa lagireto iska. Bayan duk wani gyaran tsawo ka duba ƙarfen da ya haɗa garma da mota ya kwanta daidai in ta sauka ƙasa, in ba haka ba bakinta zai cinye a karkace, musamman mai V. Fitilu ma a sake saita su.

Awo kuma kar ka yi da ido. Tef za ka sa daga ƙasa zuwa bakin bodi saman taya, garma a ƙasa, sannan garma a sama, ka rubuta. Ni in bambancin bai wuce inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba na gamsu. Sannan ka buɗe ƙofar direba, akwai takarda a jikin ginshiƙi da aka rubuta GAWR na gaba, iyakar abin da gaban motar zai ɗauka kenan, kuma babu roba ko sifirin da ke ƙara wannan lambar. Ka cika tanki, ka ɗora garma da yashinka, ka je sikelin CAT a tashar manyan motoci, ka hau kana zaune a ciki garma a ɗage, za su ba ka nauyin gaba daban na baya daban. Masu injin dizal da doguwar mota mai ƙofa huɗu ku kuka fi buƙatar wannan, don injin kaɗai ya riga ya ci kaso mai yawa. In takardar sikeli ta wuce lambar ƙofa, ka sayar da garmar ka nemi mara nauyi.